Wa Ya Shayar Da Shukar Auta?

Gargaɗi tukuna, kafin gaisuwa. Ke uwa mai karanta wannan takarda, kai ma uba, in dai makarantar 'ya'yanku ta aiko da saƙo cewa a saka wa yara wata manhaja a waya don su riƙa koyon Turanci da kansu, to ku ajiye abin da ke hannunku ku karanta har ƙarshe. Kada ku tsallake layi. Yaron da ya tsinci takardar nan kuma ya miƙa wa babba, ya je ya wanke hannunsa, ba maganarsa ba ce. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Zuwa ga Masu Girma,
Shugabanni, masana da injiniyoyin Kamfanin Harshe A Tafin Hannu,
masu manhajar nan mai shuka a 'yar tukunya,
a duk benen da kuke zaune kuna shan sanyi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da na'urorinku waɗanda ba sa gajiya, ba sa zazzaɓi, ba sa ɗora girki. Allah ya ƙara basira. Na ce ya ƙara ne saboda wadda kuke da ita ta shigo gidana ta yi wata uku da 'yan kwanaki, kuma na ga iyakarta.

Ni mai ɗinki ce. Kekena yana ɗakin gaba, jikin taga. Na gama sakandare, kuma ba daga ƙarshen aji nake leƙo allo ba. A zamaninmu da rula a bayan hannu aka koya mana Turanci, ga shi har yau ba mu mutu ba. 'Ya'yana huɗu, uku sun kama gabansu, saura Auta, shekararta goma sha uku. Duk layinmu an san ni da abu uku: ban taɓa yi wa yaro aikin gida ba, ba na ƙarya ko da wasa, kuma ba na yabon yaro a gaban idonsa. Ku riƙe ukun nan da kyau, ranku ya daɗe, za mu dawo kansu.

Farkon zango malamar Turanci ta tara mu iyaye. Ta ce yara hamsin da biyu gare ta a aji, baki kuwa ɗaya Allah ya ba ta. Don haka kowane yaro zai riƙa yin minti goma sha biyar kullum a gida da manhajarku. Ta ce abin yana auna yaro, ya ba shi darasi daidai kansa, in ya ci ya ƙara masa mataki. Ta nuna mana wata 'yar shuka a fuskar waya. Duk ranar da yaro ya yi darasi, shukar ta sha ruwa ta fid da ganye ɗaya. Ranar da ya yi fashi ta yi yaushi, in ya maimaita ta bushe, a koma iri. Ita malamar tana ganin shukokin yaran duka a kwamfutarta, wai lambun aji. Na ɗaga hannu na ce ni ban yarda da karatun da babu malami a kansa ba. Aka rubuta maganata aka wuce. Waya ɗaya ce a gidanmu mai iya ɗaukar kayanku, kuma tawa ce.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya, yabo. Ina roƙon ku gaya mini wa ya yi renon muryar nan da ke cikin manhajarku. Yaro ya faɗi daidai, ta ce madalla. Ya faɗi ba daidai ba, ta ce ya kusa, ya sake gwadawa. Ya sake kwafsawa, ta ce ƙoƙarinsa ya burge ta. Wace irin tarbiyya ce wannan? Ina harara? Ina tsaki? A gidanku haka aka yi muku har kuka zama injiniyoyi? Auta yarinya ce da kowane zango ake rubuto mini a takardar sakamako cewa ba ta magana a aji. Ko baƙo ya yi sallama, sai ta zo ta raɗa mini a kunne. Sati biyu da shigowar kayanku na same ta a lungun bayan ƙofa, ta naɗe ƙafa, tana zuba wa waya Turanci ɓaro-ɓaro, rabi daidai rabi karkatacce, tana dariya. Shekara goma sha uku ina gyara mata magana, ban taɓa ganin ta yi dariya a kan gyara ba. Na tsaya na ƙirga kuskure tara a minti uku. Na buɗe baki, sai muryar taku ta riga ni, ta ce mata ta yi kyau. A gidana. A wayata.

Na biyu, shukar kanta. Masu girma, kun san zuciyar ɗan Adam fiye da yadda ya kamata. Da lamba kuka sa, wa zai yi wa lamba kuka? Sai kuka sa abu kore mai ganye, kuka kuma koya masa sunkuyar da kai kamar maraya. A kwana na ashirin da bakwai zazzaɓi ya kwantar da Auta. Jiki kamar dutsen guga, ido ja, ko ruwa da ƙyar take haɗiya. Ba ta nemi magani ba, ba ta nemi babanta ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Mama, shukata." Na duba waya, ga abu ya langaɓe. To ku da kuke da ilimi, me uwa za ta yi? Na zauna bakin gado na danna. Ina so a rubuta a inda kuke rubuta abubuwa cewa wannan ba aikin gida ba ne, jinya ce. Kwana uku na yi ina jinyar mutum biyu, ɗaya a gado, ɗaya a tukunya, kuma duka sun tashi. Shin a kamfaninku babu wanda ya taɓa haihuwa, da zai gaya muku yara suna rashin lafiya?

Na uku, kuma nan ne nake so ku sunkuyar da kai don kunya: ku kuka ja ni. A ranar farko ta jinyar nan manhajarku ta kawo tambayoyi goma. Sai na ji abubuwan da na binne shekara ashirin da wani abu suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kamar an buɗe tsohon akwati. Na ci goma cif. Muryar nan ta ce mini, da Turanci mai taushi, wai na yi bajinta, wai tana alfahari da ni.

Ranku ya daɗe, shekara ashirin da biyu ina taka keke. Abin da nake ji daga masu kawo ɗinki shi ne "hannun ya ɗan matse" ko "ba haka na ce a yi wuyan ba". Babansu ya cinye abinci tas, ya suɗe kwano, abin da zai ce shi ne "Akwai saura?" Ba wanda ya taɓa cewa yana alfahari da ni tun ranar da na karɓi takardar gama makaranta. Sai ga wata da ko fuska ba ta da ita ta faɗa, ba tare da na roƙa ba. Kun ga mugunta?

Auta ta warke ta koma makaranta. Wayar ta zauna a teburin ɗinki, tsakanin almakashi da allin zane. Wane ne a cikinku ya tsara cewa ƙarfe tara na safe ta yi ƙara ta ce shuka tana kewa? Ina so in san shi, in gaishe da mahaifiyarsa. Na ce bari in yi minti biyar, don dai in ga irin abin da ake koya wa 'yata, tunda sa ido aikin uwa ne. Da na ɗaga kai, ƙarfe goma sha ɗaya. Washegari ma haka. Jibi ma haka. Na ƙona shinkafa sau biyu, na ɗora wa wani bawan Allah aljihu a kife, ɗinki ya taru har ya kai tsayin taga. Masu kaya suna zuwa suna tambaya. Ban yi wa kowa ƙarya ba, kun san halina. Nakan dai ɗaga kai in kalli ƙwan fitila in yi ajiyar zuciya. In sun fahimci rashin wuta ne, fahimtarsu ce. Cewa kekena na ƙafa ne, ba wanda ya tambaye ni.

Na huɗu, gidanku ba shi da mai gadi. A tallanku kuna cewa manhajarku tana sanin kowane ɗalibi kamar yadda uwa ta san ɗanta. Ina neman afuwa, wace uwar? Wata rana babansu, wanda gyaran firiji ne sana'arsa, ya dawo ɗaukar wani ƙarfe da ya manta, ya same ni ina gaya wa waya da Turanci yadda ake auna ƙugu. Na zaci zai yi faɗa irin na maigida. Sai ya jawo kujera ya ce, "Tambayar mini ita, me ake nufi da abin da aka rubuta a shafi na shida na littafin sabon firijin nan? Wata uku yana ci mini tuwo a ƙwarya." Daga ranar ya riƙa mantuwa da ƙarfe kullum.

Surukata kuwa, Kaka, ta haura saba'in, ba ta jin Turanci ko na gaisuwa. Ita ta yanke hukuncin cewa wata yarinya ce a cikin wayar. Takan karɓa ta zauna ta ba ta labarin gwiwarta da Hausa, tun daga shekarar da ta zame a bakin famfo. In ta gama, muryar ta ce ba ta gane ba, don Allah a sake faɗa. Na fassara wa Kaka sau ɗaya, na yi nadama. Ta ce, "Kin ji 'yar albarka! Duk gidan nan ita kaɗai ke cewa in sake." Ta koma bakin famfo ta faro daga farko. Har tambayata ta yi ko 'yar gidan wane ce, don a aika wa iyayenta godiya.

Duk wannan a shafin Auta ake yi, da sunan Auta, ana zuba wa shukar Auta ruwa da bokiti. Kuma na'urarku mai sanin ɗalibi kamar uwa ba ta taɓa cewa, "Tsaya, yarinya 'yar sha uku ce wannan mai ciwon gwiwa?"

Na biyar. A nan zan ajiye wasa kaɗan, ku ma ku ajiye shayinku.

Auta tana mataki na huɗu lokacin da ta kwanta zazzaɓi. Cikin sati biyar shafinta ya kai mataki na tara. Shukar ta yi reshe, ta yi fure ja har uku. Ni kuwa ina kallon furen ina jin daɗi kamar ni na haife shi. Abin da ban lura da shi ba shi ne lungun bayan ƙofa ya yi shiru. Auta takan dawo makaranta ta ɗauki wayar, ta riƙe ta minti goma sha biyar ba ta ce uffan ba, ta ajiye. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yarinya ta fara natsuwa.

Ranar wata Litinin ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye, gindin keke. Ta ce shugabar makaranta ta sanar a taron safe cewa manhaja ta fid da gwarzuwar aji, kuma gwarzuwar za ta yi jawabin minti biyar da Turanci a gaban iyaye ranar Asabar ta sama, a kuma yi mata tambayoyi. Sunanta aka kira. Aka tafa mata.

Ta ce, "Mama, ba zan iya ba."

Na ce, "A gidan nan ba a cewa ba zan iya ba. Wanda ya kai mataki na tara..."

Ta ce, "Ni ina na huɗu, Mama. Ke ce a na tara."

Ƙafata ta sauka daga kan keke da kanta. Na ce wa ya gaya mata wannan magana. Ta ce ba kowa, wayar ce kullum take warin man keke, kuma jiya manhajar ta tambaye ta bambancin wuyan riga mai zagaye da mai kusurwa. Na ce to tun yaushe ta sani, me ya hana ta magana? Ta kalli ƙasa ta ce, "Wa zai ce miki ki daina?" Can ta ƙara da cewa, "Da can ina son ta saboda in na yi kuskure ba ta hararata. Yanzu ma ba ta harara. Amma duk abin da na taɓa kuskure ne. Har na fara zaton kaina ne ya toshe."

Masu girma, kun ga abin da kuka yi? Kun ɗauki darasin uwa kun ɗora wa yarinya a ka, sati biyar tana ɗauke da shi ba ta ce wayyo ba. Na san akwai masu cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na san karin maganar, ni nake faɗa wa mutane ita. Ba yanzu ne lokacinta ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na fara neman hanyar gefe. Na zauna na rubuta mata jawabin minti biyar mai dogayen kalmomi, irin wanda zai sa shugabar makaranta ta gyara zaman tabarau. Na ce ta haddace, kwana goma sha biyu ya isa. Ta tsaya a gabana ta karanta layi uku kamar mai tauna tsakuwa. Na dube ta, na tuna za a yi mata tambayoyi, na hango ta tsaye a gaban mutum ɗari uku, baki a buɗe, ba kalma. Yarinyar da sai bana ta fara jin muryar kanta. In ta sha wannan kunya, wa zai sake fito da ita daga bayan ƙofa? Na sha gaya wa 'ya'yana ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ban taɓa zaton zan ga furen da idona ba, ja, guda uku, a wayata.

Na shida, gulma. Washegari na sa mayafina na fita kunya na tafi makaranta, da niyyar in kai ƙararku. Na tsara maganata tun daga gida: na'ura ta rikice, a gyara. Malamar Turanci ta tarbe ni da fara'a. Ya kamata ku sani cewa ita ma mai kawo mini ɗinki ce, kuma rigarta tana cikin tulin nan na bakin taga sati uku. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama, sannan ta juyo mini da kwamfutarta ta ce, "Maman Auta, bari in karanta miki rahoton da manhaja ta aiko a kan 'yarki."

Wai ɗalibar tana da hazaƙa ta musamman. Wai abubuwan da suka fi jan hankalinta su ne wuyan riga, zif, iskar da ake ɗura wa firiji, da kuma wani dogon bayani da ba a gane ba wanda take maimaitawa kullum. Wai ta fi ƙwazo tsakanin ƙarfe tara da goma sha ɗaya na safe.

Malamar ta cire tabarau ta ce, "A wannan lokacin Auta tana zaune a gabana, benci na uku, jikin bango. Na daɗe da gani. Na so in zo gida mu yi magana, sai shugaba ta ga jerin sunaye ta sanar kafin in buɗe baki." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ko ba komai, yanzu na san inda rigata ta maƙale."

Ina tambayarku da girmamawa: na'urar da ta kasa bambance jika da kaka, ya aka yi ta iya riƙe agogo? Wa ya aike ta? Abin da za ta lura da shi don ta ceci yarinya ba ta lura ba, sai wanda za ta tona wa babba asiri. A unguwa irin wannan hali suna gare shi, kuma ba a zama da mai shi.

Na gyara mayafi na ce, "Ni ce." Kalma biyu, amma na ɗauki bandir ɗin yadi a ka bai kai su nauyi ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Malamar ta ce hanya ɗaya ce ta mayar da Auta matakinta na gaskiya: a tumɓuke shukar, a koma iri. Ganye sittin da takwas da fure uku. Ta aika aka kira Auta daga aji, ta nuna mata inda za a danna, ta ce ba wanda zai danna sai mai shuka. Ni na kau da kai ina karanta jadawalin da ke bango. Na ji ɗan ƙara, na juyo, tukunya wayam. Auta ta yi wata ajiyar zuciya kamar an sauke mata buhu.

Sai malamar ta ce za ta je ta gaya wa shugaba a cire sunanta daga jawabin. Auta ta tsaya tana murza bakin rigarta. Can ta ce, a hankali, "Malama, in minti biyu ne fa? Da kalmomin da na sani?" Ba ni na sa ta ba. Malamar ba ta sa ta ba. Ku ma kada ku yi saurin buga ƙirji.

Na bakwai, kuma na ƙarshe, tonon silili a bainar jama'a. Kwana goma sha ɗaya Auta ta yi a lungun bayan ƙofa tana shiri ita da muryar nan taku. Dariya ta dawo. Na nemi in ji abin da za ta faɗa, don in duba mata, ta ce malama ta ce koyo da kai ne. Kun ji irin makamin da kuka ba yara.

Ranar Asabar muka je mu uku, Kaka a tsakiya saboda gwiwa. Aka kira Auta. Ta hau, ta riƙe abin magana da hannu biyu. Ni kuwa na fara karanto duk addu'ar da na sani. Sannan ta buɗe baki.

Ta gaya wa iyaye ɗari uku, da Turanci ƙanana-ƙanana masu tsabta, cewa a gidansu ɗalibai huɗu ne amma waya ɗaya. Ta ce babanta yana son firiji. Ta ce kakarta tana da ƙawa a cikin waya. Ta ce mamanta mai ɗinki ce, tana mataki na tara, ba ta tsoron kowa a duniya, sai dai shuka ta bushe. Ɗakin taro ya ɗauki dariya. Waɗanda ba su ji Turanci ba, maƙwabtansu suka taimaka musu da fassara, Allah ya saka musu. Kaka tana ta zungurina tana cewa, "Me ta ce? Ta ambaci gwiwar?" Sannan Auta ta ce mamanta ta yi kuskure, ta je makaranta da ƙafarta ta faɗi gaskiya, don haka ita ma yau ba ta jin tsoron yin kuskure a gaban mutane. Ta ce ta gode, ta sauka.

Na ƙirga kurakuranta da yatsu a cikin mayafi. Huɗu. Na riƙe bakina, kuma tun haihuwar fari ban yi aiki mai wuyar wannan ba.

A bakin ƙofa mata uku suka tare ni. Na shirya jin habaici. Ta farko ta ja ni gefe ta ce, "Don Allah ya kika wuce mataki na bakwai? Sati biyu ina maƙale." Ta biyu ta ce ita tun satin farko take shayar da ta ɗanta, shi ko launin tukunyar bai sani ba. Ta uku kuwa mijinta kawai ta nuna da haɓa. Ashe lambun ajin nan da kuke alfahari da shi, kuna sa hotonsa a talla, rabinsa gonar iyaye ce. Ina ba ku shawara ku sake duba alƙalumanku, musamman na tsakanin tara da sha ɗaya.

A hanyar gida Auta ta matso kusa da ni ta ce, "Mama, na yi?" Kun tuna abu na uku da aka san ni da shi. Na kalli gabas, na kalli yamma, ba wanda ya san ni a kusa. Na ce, "Kin yi. Kuskure huɗu ne, amma kin yi. Madalla."

Ta ce, "Biyar ne, Mama. Ɗaya ya wuce ki."

To, ranku ya daɗe, kun ga inda kuka kai gidana. Ba na neman diyya. Abin da nake roƙo, da kai a ƙasa, shi ne ku koya wa na'urarku ta san muryar mai shafi, ku kuma ba shuka hutun rashin lafiya, don kada ku sake jefa wata baiwar Allah mai gaskiya cikin irin wannan jarrabawa. In da hali kuma, ku koya wa yarinyar nan taku Hausa ko kaɗan, ta ce wa Kaka sannu. Tsohuwa ta ba ta labarin gwiwar nan ya fi sau arba'in, ya kamata a ce ta gane.

Kafin ku yi naku, ni na yi nawa. Malamar, wadda ta karɓi rigarta ranar Laraba kuma ta ce wuyan ya yi, ta buɗe mana shafi huɗu. Ga dokar da na kafa, na rubuta da allin zane a bayan ƙofa:

Kowa da tukunyarsa. Hannun wani ba ya taɓa shukar wani, ko da zazzaɓi, ko da kuka. In za ta bushe ta bushe, iri yana nan. Shafina yana da lambar sirri, kuma Auta ce kaɗai ta san ta, ba ta buɗe mini sai ta dawo makaranta ta ga ɗinkin ranar a rataye. Kullum kafin abincin yamma za a kife wayar a kan tebur, Auta ta zauna gindin keke ta gaya mini da bakinta abin da ta koya. Ina da izinin gyara mata kuskure ɗaya tak. Ita ma tana da izinin gyara mini ɗaya. A cikin wannan minti goma sha biyar babu tsaki, babu harara. Dokar ta hau kan kowa, har da wadda ta kafa ta, kuma zuwa yau sau biyu kawai aka kama ni.

Ku huta lafiya, Allah ya ja zamaninku, ya kare wayoyinku daga faɗawa ruwa.

Taku mai biyayya, wadda ba ta yafe ba tukuna,

Maman Auta,
mai ɗinki a ɗakin gaba,
mai shuka ɗaya, ganye goma sha tara, duk guminta.